Amsa Sunan Wani

Duk hutun bazara, in na dawo Kurgu daga makarantarmu ta kwana da ke kusa da kogin Kwara, kakata Inna Kulu sai ta tatse ni labari kafin ta biya ni da tatsuniya. Bayan isha'i muke kewaye murhunta. Ga zafi kamar a gasa mutum, amma ba ta yarda a kashe garwashin nan.

"To, miji na banza, mi ka kawo min daga boko?"

A wani hutun, na zazzage mata komai. Gidanmu na makaranta ya ci ƙwallo, mangwaron bayan kicin ya nuna har an zane ɓarayinsa, famfo kuma ya ƙafe ƙaf. Don haka muke satar fita ta ɓarakar katanga mu tafi kogi wanka.

"In an yi kiran suna fa?"

"Sai wani ya amsa maka mana. Dokarmu ce. Wanda ya ƙi, munafuki ne."

Ina ta dariya, ita ko murmushi. Ranar ko gatanan ba ta ce ba, kai tsaye ta shiga.

Wai wasu samari ne ke shiga jirgi zuwa wani tsibiri, can wajen iyakar Benin, yankan ciyawar shanu. Da yamma mai jirgi yakan kira sunan kowa kafin ya tura. Wata rana Jabbi ya tsaya duba tarkonsa, abokinsa Manu ya maƙe murya ya amsa masa don kada a yi masa faɗa, a zatonsa zai biyo wani jirgin. Babu wani jirgi. Ba wanda ya nemi Jabbi, ai an ji ya amsa. Kafin wayewar gari ruwa ya shanye tsibirin.

"Tun ran nan," in ji Inna, ta rage murya, "duk sadda anka kira Manu, kafin ya buɗe baki sai a ji na'am daga cikin ruwa. Uwatai ta kira shi, ruwa ya amsa. Har ranar da ya gaji, ya tafi inda ake amsa mishi."

Wallahi duk zafin nan sai da tsigar jikina ta tashi.

Bayan mun koma makaranta, aka yi ruwan farko, mai iska. Ran nan Lawali, wanda muke gado sama da ƙasa, ya fice kogi bayan la'asar, ya ce in amsa masa. Magariba ta yi, bai dawo ba. Malamin gida ya fara kira, hadari na sake haɗuwa a gabas.

"Lawali!"

Bakina ya ƙi buɗuwa. Sai na ji wani daga baya ya amsa. Muryar ba ta yi min kama da ta kowa ba. Ban san sadda na miƙe ba.

"Malam, ba ya nan. Yana kogi."

Da tocila aka same shi a kan wani tudun yashi, kwalba ta yanke masa ƙafa, ruwa ya kai masa ƙugu. An ɗinke ƙafar, da ta warke aka zane shi, aka toshe ɓarakar. Ni kuwa na zama munafuki har muka gama makaranta. Lawali bai ƙara yi min magana ba, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Inna ta daɗe da rasuwa. Da, na ɗauka tsoron ruwa take koya min, ashe tsoron rufa asirin da ke hana a nemi mutum ne. Yau ni ke kiran suna a wata makarantar, yara na ce min mai naci, don ba na karɓar murya sai na ga fuska.

Bara na hango Lawali a kasuwar Illo, yana ɗingishi, riƙe da hannun 'yarsa. Ya gan ni sarai, ya kau da kai. Na tsaya ina kallon yarinyar har suka shige cikin mutane.