Kyamarar da Na Saya Saboda Tukwanen Gwaggo

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta da yadda na zaɓi kyamarata ta farko, da ranar da na fara aiki da ita.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, ƙarshen mako kuma ina ɗaukar bidiyon suna da walima da wayata. Mata suna son aikina saboda ina shiga har ƙuryar ɗaki, inda namiji ba ya kaiwa. Sai aka aiko daga wani ƙauye a bayan Gwaram cewa Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta ce gashin tukwanen da za ta yi nan da mako biyu shi ne na ƙarshe. Yatsunta sun fara ƙagewa, yumɓu ya daina yi mata biyayya. Tun muna yara ruwan randarta muke sha, amma a zuriyarmu kaf babu wadda ta tsaya ta koyi ginin. Na ce a raina wannan ya fi ƙarfin waya.

Yayana direba ne, yana jigila tsakanin garinmu da Kano, shi ya raka ni shagon masu kyamara a Kano. Muna shiga idonsa ya faɗa kan wata ƙatuwa baƙa. Ya ɗaga ta yana jinjinawa.

"Ki ɗauki wannan," in ji shi. "In kika shiga gidan biki da ita, ba sai kin yi wa kowa bayani ba."

Mai shagon, wani dattijo mai haƙuri, ya ɗauko wata ƙarama ya ajiye a gefenta. Ya ce babbar tana da madubi a ciki, an gina ta ne musamman don hoto. Ƙaramar kuwa mara madubi ce: ba nauyi, abin da ka gani a allonta shi za ka samu, kuma in ta kama fuska ba ta saki ko mutum yana motsi. Yaya ya taɓe baki ya ce wannan ai kamar ta wasan yara. Ni kuwa na riƙe babbar a tsaye na ɗan lokaci, na ji kafaɗata ta fara magana. Gashin tukwane wuni ne.

Sai muka zo kan gilashin da ake ɗaura mata a gaba. Dattijon ya nuna mini iri biyu. Akwai tsayayyu, masu fitar da hoto tangaran, amma kowanne da tazararsa, sai ka riƙa cire wannan kana sa wancan. Akwai kuma mai zuƙowa, wanda da murɗawa ɗaya zai buɗe maka tsakar gida duka, ko ya janyo maka fuskar mutum daga nesa.

Na ce, "Baba, in na cire gilashi zan canza, me ke rufe idon kyamarar?"

Ya kwance gilashin ya juyo mini cikinta. Ga idon nan a fili yana ƙyalli. "Babu komai, Malama. Ƙwayar ƙura ɗaya ta hau shi, za ki gan ta a duk abin da kika ɗauka."

Na tuna tokar wurin gashin Gwaggo, wadda take shiga har cikin kunne. Nan take na yanke: mai zuƙowa. Na kuma bar sabuwar fitowa na ɗauki ƙarama mara madubi wadda ba ta kai ta tsada ba, don in samu gilashi mai kyau, wanda hoto ba ya duhu in an zuƙo. Na zaga shagon ina ɗauka don in ga ko tana rawa. Na roƙe shi ya bar ta tana ɗauka har mu je sallar azahar mu dawo; muka tarar ta yi ɗumi amma ba ta mutu ba. Na haɗa da batir na biyu da ƙaramin makirufo.

Ranar gashin ni da Yaya mun isa da hantsi. Na lallaɓa Gwaggo ta gina kasko ɗaya don a ga yadda hannu ke yi. Ina matsowa kusa ta tsaya cak.

"Ke, ni ba amarya ba ce. Matsa daga kaina, ba na aiki ana leƙa ni."

Na ja baya har gindin rumbu, na zauna a kan turmi, na murɗa gilashin. Sai ga yatsunta sun cika allon, har jijiyoyin bayan hannunta da ruwan yumɓun da ke gangarowa gwiwar hannu. Ba a jima ba ta manta da ni. Ta shiga 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa, tana zagaya kaskon a sunkuye. A nan na gane na sayi abin da ya dace.

Bayan azahar matan unguwa suka taya ta jera tukwane da tuluna a fili bayan gida, babbar randa a tsakiya. Aka rufe da kara da ƙaiƙayi da busasshen kashin shanu, aka cinna wuta. Na buɗe gilashin na ɗauki komai: hayaƙin, matan, gonakin da ke baya. Can iska ta juyo, toka ta yi kanmu. Yaya ya ja da baya yana tari. Ni na lulluɓe kyamarar da gefen mayafina, na bar bakin gilashin kawai a waje, ban tsaya ba.

Sai muka ji tas! daga cikin wutar. Kowa ya san wani abu ya fashe, kowa kuma randar yake tunani, domin ita Gwaggo ta fi shan wahalar ginawa da waɗannan yatsun. Da a ce sai na canza gilashi, da an wuce wurin. Murɗawa ɗaya na yi na isa fuskarta. Ko gezau ba ta yi ba, leɓɓanta kawai ke motsi.

Da wuta ta lafa, da la'asar sakaliya, aka riƙa zaƙulo kayan da dogon itace. Tulu ɗaya ne ya dare gida biyu. Randar ta fito ja wur. Gwaggo ta jira ta huce, ta ɗauki 'yar tsakuwa ta ƙwanƙwasa bakinta, ta kasa kunne. Ƙarar ta fito siririya, garau. Ta yi dariya, ta ce, "Ta gasu." Sannan ta juya baya, a zatonta babu mai ganinta, ta share ido da bakin zane. Ina can nesa ina ɗauka, duk da ni ma idona ya cika.

Da na kai musu bidiyon bayan mako guda, matar jikan Gwaggo ta ce in tura mata a waya. Ashe tsayar da shi take yi a kan hannayen, ta duba, ta gwada. Yanzu kaskonta ana saye a kasuwar Gwaram, Gwaggo kuma tana zaune a tabarma tana gyara mata da baki, har da faɗa.

Tun daga nan na canza kyamara sau biyu, kuma 'yan mata masu son shiga sana'ar suna yawan tambayata wace ce ta fi kyau. Ba na ba su suna. Sai in ce su fara gaya mini wa za su ɗauka, a ina zai kasance, kuma kusa nawa zai yarda su zo. Abin da ranar ta koya mini ke nan: kafin ka zaɓi kayan aiki, ka fara sanin mutumin da za ka tsaya a gabansa.