Sarƙar da Na Sa Aka Kwance

A lokacin ban daɗe da gama kwaleji ba, ina ƙaramin akawu a wurin sauke kaya na tashar jirgin ƙasa ta Kano, ina kwana a Fagge. Mutum ne ni mai tsoron laifi, kuma ina jin wannan tsoron ne ya kai ni ga abin da zan faɗa.

Akwai taragun da ba su da bango ko rufi, daɓen katako ne kawai bisa ƙafafun ƙarfe. A kansu ake ɗauko gumaguman itace daga Kudu, a ɗaure da sarƙa. Al'adar leburori ita ce ba a taɓa sarƙa sai an kafa turaku a gefe, kowa ya ja baya, heluma, wato shugaban leburorin, ya buga guduma sau uku. Heluman wani dattijon Bayarabe ne mazaunin Sabon Gari.

Ran nan, wata Talata idan ban manta ba, Baturen da ke shugabantarmu ya ce yana son a sauke wani tarago kafin azahar. Heluma ya tafi ɗauko turaku, ya roƙe ni in jira shi. Na ga rana tana yi, sai na ce wa wani lebura ya kwance sarƙar. Gumaguman suka gangaro gaba ɗaya. Wani magidanci ɗan unguwarmu yana tsaye a ƙasa. Ɗaya ya bi ta ƙirjinsa, na ji ƙarar ƙashi, jini ya fito masa ta baki da hanci. Ko shurawa bai yi ba.

Heluma na dawowa 'yan uwan mamacin suka yi kansa, wai shi ne mai sarƙa. Da turakun da ya ɗauko suka dake shi, suka fasa masa kai, suka karya masa hannu. Leburan da ya kwance ya tsere. Dattijon yana ƙasa ya dube ni, ya ce, "Malam akawu, gaya musu mana."

Ban ce komai ba. Wataƙila da na yi magana ni ma sun kashe ni, ban sani ba. Shi dai heluma an kore shi daga aiki, hannun kuma bai ƙara moruwa ba.

Ba ni da ilimin yi wa kowa wa'azi. Amma wanda aka ɗora a kan masu aikin ƙarfi, kada takarda ta sa ya raina tsarinsu. In kuma kuskure naka ne, ka faɗa tun ana tsaye a wurin. Ni na bari sai gobe, har aka binne dattijon ban je gidansa ba.