Jitata da Rikodar Hedimasta

A shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa aka tura ni koyarwa wata firamare a Kebbe. Ni ɗan gidan malamai ne a Tambuwal, don haka jitar da na saya a Sakkwato ba ta taɓa shiga gidanmu ba. A ɗakina na Kebbe take zama.

Wani malami ɗan Ghana da muke aiki tare shi ya koya mini. Ni sauri nake so, shi kuwa ya hana. Ya ce in riƙa bin tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, ina buga ƙafa a hankali, sai kiɗan ya fita sau goma ba kuskure sannan in ƙara sauri kaɗan. Na tsani tsarin nan. Wata bakwai, kullum bayan la'asar, abu ɗaya nake maimaitawa, har yatsuna suka tsage, suka warke, suka yi kanta. Riƙe alli ma zafi yake mini a aji. Sai wata rana na ji yatsun na gudu da kansu, ban ko kalle su ba.

Da hedimasta ya ji, ya ce ni zan kaɗa wa 'yan aji shida waƙarsu ranar raba kyaututtuka. Mako fuɗu muna gwaji da yaran.

Ranar bikin da safe na iso da jita a kafaɗa, na tarar da wata ƙatuwar rikoda sabuwa fil a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, wagga fa?" na tambayi hedimasta.

"Kaset za mu sa, Malam. Manyan baƙi na tafowa daga Tambuwal. Aje abin ga naka."

"Yaran fa? Da ni sunka koya."

"Su yi tafi."

Haka aka yi. Aka sa kiɗan waɗansu mutane da ba su san akwai Kebbe a duniya ba. Yaran na tsaye cikin rana suna tafi, suna waiwayena. Baƙi suka yi ta yaba rikoda, har wani ya tambayi inda aka sayo ta.

Ban ci shinkafar bikin ba. Ƙarshen zango na nemi canji, aka mai da ni Jabo. Hedimasta ya aiko in zo mu yi sallama, na ƙi zuwa. Da ya rasu na yi masa addu'a kamar kowa, amma ban yafe masa tsayuwar yaran nan ba.