Matar da Aka Ce wa Shif

A gidanmu na Zuru, in an gama tuwon dare, Kaka ba ta barin wutar murhu ta mutu. Sai ta jera masara a kan garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. "Ga ta nan, wanda ya ji barci ya tashi tun yanzu," haka take buɗe kowane labari. Wanda muka fi roƙonta kuwa shi ne na soja mai kyamara.

Wai wata mata ce a ƙauye wajen Dirin Daji, ɗanta ɗaya tilo ya shiga soja. Bayan shekaru ya zo hutu da amarya 'yar birni, ga kyamara rataye a wuya, ga Turancin hoto cike da bakinsa. Ya ce kowa ya yi wanka, za a ɗauki hoton gida. Uwar ta fito da zanen da ta daɗe tana ɓoyo, ta shafa man kaɗe, ta tsaya a tsakiya kusa da amarya.

Soja ya leƙa cikin kyamara ya ce, "Inna, kin ɓata mani fokas. Shif."

"Ita ba ta san mi anka ce ba," in ji Kaka. "Sai ya yi mata da hannu, ta matsa. Ya ce shif, ta ƙara matsawa. Shina faɗi tana ja, har ta kai gindin rumbu."

Daga nan ya miƙa wa abokinsa kyamarar, ya shiga inda ta bari. Abokin ya ce redi, ya ce sumayil. Wata yarinya ta raɗa wa tsohuwar cewa murmushi ake nufi, sai ta washe haƙora gaba ɗaya. Filas ya haska.

Da aka wanko hoton, ta bi fuskoki da yatsa har sau uku, ba ta ga kanta ba. Ɗan ya ce nagatif ne ya ƙone ta gefenta. Ta yi ta bin maƙwabta tana gaya musu wani ciwo wai shi nagatif ya cinye ta a cikin hoto.

Nan muke faɗuwa da dariya. Muka ma mayar da shi wasa. Gwangwanin madara ne kyamararmu, mu zaɓi wanda ba mu so, mu yi ta ce masa shif har ya faɗa kwata. Ni na fi kowa iyawa. Wata rana Kaka da kanta na saita. Na ce shif, ta matsa. Na sake, ta sake, har bayanta ya taɓa bango. Na ce sumayil, ta washe baki, idonta a kaina. Mun yi dariya har da riƙe ciki.

Bayan rasuwarta, dangi suka nemi hotonta don a sa a waya ranar addu'a. Ina bincike a akwatin Baba, na ci karo da wani tsohon hoto: Baba cikin kakin soja, mahaifiyata a gefensa tana amarya, dangi a jere. A can ƙarshe, kusa da rumbu, gwiwar hannun mutum ce kawai da gefen zane.

Na kai masa. "Baba, wannan hannun wa ne?"

Ya duba, ya mayar mini. "A lokacin, gidan su mamarki za a kai hoton. Ga tsaga cike da fuska, ba ko takalmi. Me kike so su ce? Ki nemi na katin zaɓenta, ya isa."

Ya ci gaba da shan shayinsa.

Na girma ina ɗaukar labarin nan a kan na ƙauyanci ne, gargaɗi ga wanda bai yi boko ba. Sai daga baya na tuna yadda tsakar gidan take. Duk daren da Kaka ke ba da shi, Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa, taku biyar daga murhu. Ba mu take ba wa labarin ba. Shekara da shekaru tana jiran ya ce mata wani abu, ko da kalma ɗaya ce. Shi kuwa da ta kai wajen rumbu a labarin, sai ya ƙara muryar rediyo.