Kibiyar da Ta Tsaya a Agadas

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da muka mayar da taswira wani ƙauye na arewacin Affala ba.

Lokacin ina sabuwar ma'aikaciya a garin Tawa, aikinmu ƙidayar masu tafiya bida, wato ci-rani. Gida-gida muke bi muna tambaya: wa ya tafi, yaushe, ina ya nufa, ya dawo ko bai dawo ba? Sai mu zuba amsoshin a na'ura, ta fitar da kibiyoyi a kan taswira, shekara bayan shekara. Inda mutane suka fi nufa kibiyar ta yi kauri. Da idona na ga ta kudu tana ramewa, ta arewa tana ƙiba. Wallahi a lokacin ji nake babu wanda ya kai ni sanin yankin namu na Adar.

Muka shimfiɗa taswirar a ƙofar mai gari, na yi ta bayani. Da jama'a suka watse, wata tsohuwa ta matso ta tsuguna.

"Ɗiyata, wace kibiya ta ta ɗana?"

Na tambayi sunansa, na duba takarduna. Ɗanta yana cikin waɗanda muka rubuta wa "ba a san inda suke ba". Irinsu na'ura ba ta zana musu komai.

"Inna, ba mu sa shi ba, don ba mu san inda ya nufa ba."

"Ni na sani. Daga Agadas ya kira ni, ya ce in aje mishi irin wake. Damina shida ke nan."

Kunya ta rufe ni. Na ciro alƙalami, na ja siririn layi daga ƙauyensu zuwa Agadas. Ta bi shi da yatsa a hankali har ƙarshe, ta daɗe ba ta ɗaga ba.

"Ashe ba nisa," in ji ta.

Na bar mata taswirar. Aka yi mini canjin wurin aiki, ban sake komawa ba, kuma har yau ban san ko ya dawo ba. Sau nawa na yi niyyar shiga mota in je in tambaya, tsoron amsar ya hana ni.

Aikin nake yi har yanzu. Amma ita ta koya mini cewa wanda lissafi ya kasa ganowa, akwai mai jiransa a gida. Tun ranar ban ƙara fitar da taswira ba sai na rubuta a ƙasanta mutum nawa ne ba mu samu labarinsu ba.