Ƙafar da Ta Juya a Kokawar Rimawa

Zamanin Turawa, ina saurayi, munka tafi kokawar kaka a Rimawa. A karo na biyu ƙafata ta dama ta shige ramin da anka tumɓuke tushen dawa, abokin karawata kuma, wani ƙato mai kamun kifi, ya faɗo kaina. Da na duba sai na ga tafin ƙafar ya juya ciki yana kallon 'yar'uwarta, kamar suna gaisawa.

Kawuna ya ɗora ni a jaki har Gandi, gidan maɗori. Maɗorin ya leƙa daga tsaye ya ce karaya ce, a kawo kaza. Al'adarsu ke nan: a karya ƙafar kaza a ɗaure ta tare da taka, ranar da ta taka kai ma ka taka.

Kawu ya sayo wata baƙar kaza, ta kuɓuce masa a bakin zaure. Shi da maɗori sunka bi ta bayan rumbu.

Sai ni da tsohon gidan, mahaifin maɗorin, wanda idanunsa sun daɗe da rufewa. Ya ce in miƙo masa ƙafafun duka biyu. Ya lalubi mai lafiyar tukuna, sannan ya bi mai ciwon a hankali, yana kasa kunne. Da sunka dawo suna haki, ya ce wa ɗansa babu ƙashin da ya karye, idon sawu na nan lafiya, gaɓar da ke ƙarƙashinsa ce ta goce. Sau biyu kawai ya taɓa jin irinta a hannunsa. In anka ɗaure ta haka da kara, a karkace za ta tsaya, ni da riƙe garma har abada.

Ya sa kawu ya lanƙwasa mini gwiwa ya riƙe gam. Ya shafa man shanu, ya kama dunduniyata.

"Ɗana, mi ka ci da safe har masunci ya kada kai?"

"Baba, ai rami ne ya..."

Ya ja, ya murɗa. Na ji ƙas, kawu ma ya ji. Na yi ihun da har yau ba na son a tuna mini.

Kwana arba'in ina dogara sanda. Lokacin dashen albasa da ƙafata na sauka fadama, ina ɗan ɗingishi, na gama dashen fangali bakwai kafin azahar.