Ranar da Taraktar Baba ta Saki Karsanar Dudu

Wata Laraba ce da hantsi, a kakar shekara ta biyu bayan an daina fam da sule. Ina tsugune a tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, sai ga Dudu ta faɗo mana ba sallama ba ɗankwali, ƙafafunta duk taɓo har gwiwa. Dudu ƙawata ce, 'yar Baffa Buba, Bafulatanin da ke sauka da shanunsa a gonarmu ta bayan Kaikai duk bayan girbi, su ci kara su bar mana taki. Tare muke kalar gyaɗa, tare muke carafke a gindin tsamiya idan na taso daga makaranta, kuma ban taɓa ganin hawayenta ba ko da ƙaya ta soke ta. Ran nan kuwa da kyar ta iya ce wa innata, "Goggo, Goshi ta kafe cikin kududdufi!" Goshi karsana ce ja mai farin tabo a goshi, 'yar saniyar da aka ba Dudu tun ranar sunanta. Ita kaɗai ta mallaka a duniya, ga ta da cikin fari.

A lokacin Baba bai fi wata huɗu da sayen tarakta ba. Wata 'yar ƙarama ce tsohuwa da ya samo a gwanjo a Kankiya, fentinta duk ya koɗe, sai mun taru mun tura take tashi. Amma a garinmu ita ce ta farko, kuma Allah ya jiƙan Baba, mutum ne mai son a gani a faɗa. Garmar da take ja a baya ba ta ishe shi ba. Ya ga motocin masu aikin hanya suna kwasar ƙasa, ya ce shi ma ya gaji da jakuna da mangala wajen kai taki gona. Ya samo hannuwan wata babbar tarakta da ta mutu, da cokalinsu na ɗiban ƙasa, ya sa wani makanike, Malam Idi, ya ɗaura wa tamu a gaba. Ina kawo musu fura a zaure na ji Malam Idi yana cewa, "Alhaji, famfon man da ke cikinta na ɗaga garma ne. Man da shika turawa bai isa cika hannuwan nan da sauri ba. Ko a sa mata babban famfo, ko kada a ɗora mata nauyi." Baba ya yi dariya ya ja sandar da ke ɗaga hannuwan, cokalin ya tashi sama fanko, yara suka yi ta tafi. A wurinsa magana ta ƙare.

Fito da saniya daga taɓo ba sabon abu ba ne a wurinmu. Maza ne ke shiga har ƙugu, su ƙwaƙule laka daga ƙafafunta, su zura itatuwa ƙarƙashin cikinta, na tudu su ja igiya sannu a hankali. Aiki ne na wuni guda, ana yi ana zolayar juna, amma saniya kan fita da ranta. Da muka isa har an fara, mutum kusan ashirin, Baffa Buba na riƙe da kan Goshi don kada hancinta ya nutse. Sai ga Baba bisa tarakta, hula a karkace, yana ɗaga hannu. "Ku hito duka, ku huta! Yanzun nan za ta tsamo ta." Baffa Buba bai so ba. Shekara goma sha suna amana da Baba, kunya ba ta bar shi ya ce a'a a gaban jama'a ba. Aka zagaya wa Goshi igiya a ƙirji da kwankwaso, aka ɗaure a cokalin, aka janye itatuwan da aka riga aka zura, kowa ya hau tudu. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Har na ce wa Dudu ta share hawayenta, babana ya zo.

Baba ya ja sandar. Igiya ta miƙe, hannuwan suka fara tashi, amma tashin da sai ka ƙura ido za ka gane suna motsi. Taɓo na riƙe da Goshi ta ƙasa, igiya na matse ta ta sama, ita kuma tarakta ba ta da saurin da za ta raba su. Wani kuka ya fara fita daga cikin injin, siriri kamar na ɗan akuya. Ƙirjin Goshi ya fito, ƙafafun gaba suka fito suna lilo, daga nan komai ya tsaya cak. Tana rataye, idanunta sun firfito, harshe waje, numfashi ya gagara. Mutane suka yi ta ihu, wasu na cewa a sauke, wasu na cewa a ƙara, ba kuma mai iya shiga ƙarƙashin ƙarfen. Baba ya yi abin da ya saba yi wa jaki idan ya tirje, ya ƙara wa taraktar wuta iya ƙarfinta. Warin mai mai zafi ya cika wurin. Sai muka ji fas! Tiyon famfon ya fashe, mai ya yi feshi, cokalin ya rikito gaba ɗaya ya sauka a gadon bayan Goshi. Ƙarar karyewar ƙashin nan har yau tana kunnena.

Na tsaya baki buɗe, ban ma san na saki hannun Dudu ba. Baffa Buba ya shiga taɓon, ya shafa bayan karsanar, ya ɗago ya ce, "A miƙo wuƙa kada ta yi mushe." A nan cikin laka aka yanka ta, da ɗan da ke cikinta. Baba na zaune bisa tarakta, mai ya ɓata masa riga, ya kasa saukowa. Ban taɓa ganin babana ya ƙanƙance haka ba, kuma wannan ya fi komai girgiza ni. Dudu ba ta yi kururuwa ba. Ta kwance igiyar wuyan Goshi, ta naɗe a hannu, ta bi hanyar ruga ba ta waiwaye ni ba.

Washegari Baba ya kai musu karsana mai kyau daga cikin namu. Baffa Buba ya karɓa ya yi godiya, ya ce ƙaddara ce, ba komai. Dudu kuwa ko kallonta ba ta yi ba. Daga baya Malam Idi ya zo ya ɗaura babban famfo a gaban injin, cokalin ya riƙa tashi da taki tim cikin ƙiftawar ido. Sai dai da kaka ta zagayo, shanun Baffa Buba a wajen Bauranya suka sauka. Na yi ta zuwa gindin tsamiya da duwatsun carafke a ƙullin zanena har na gaji na daina.

Yanzu an cike kududdufin, gidaje ne a wurin. Manyan motocin ɗiban ƙasa na wucewa ta hanyar Kusada suna ɗaga abin da jakuna ɗari ba za su ɗauka ba, jikokina ko ɗaga kai ba sa yi. Ni kuwa duk lokacin da na ga cokali a sama sai in tuna mutum ashirin da suka hau tudu don an ce su huta. Da an bar su da itatuwansu, da wataƙila har yau ina da Dudu.